Marubutan Kannywood, mantuwar nan ta ishe mu haka

Jama'a, wai sai yaushe za a daina buga wa jarumi sanda a ƙeya, ya farka a asibiti yana tambayar sunansa? An yi kisa, shi kaɗai ne shaida, sai marubuci ya ɗauke masa tunani har kashi na ashirin. Ɗumamen Indiya ne fa, irin Ghajini na Aamir Khan, 2008, wanda su ma daga Memento na Amurka suka aro.

A nan ƙasar Kazaure, ni dai ban taɓa jin shari'ar da ta tsaya don shaida ya manta ba. Kowa yana tune sarai, gum kawai ake yi. Ku rubuta mana wannan. A ce wanda ya kora shanu a Gwiwa ƙanin matarka ne. Ko mai fasa-ƙwaurin shinkafa ta Babura, lokacin rufe boda a 2019, shi ya biya kuɗin asibitin mahaifiyarka. Ga ɗan sanda a zaurenka yana tambaya, to me za ka ce? Kuma da Magariba sahu ɗaya za ku tsaya da mutumin.