Sabbin Ƙafafu Ga Tsohuwar Camaro

Mai karatu, in kana cikin waɗanda suka ɗauki mota abin hawa kawai, watau a shiga ta kai mutum inda za shi ya sauka, to sai ka yi haƙuri ka biyo ni a hankali, domin labarin da zan ba ka na waɗansu mutane ne da suka ɗauke ta fiye da haka. A Amurka akwai irin motocin da suke kira masu ƙwanji. Motoci ne masu ƙofa biyu, matsakaita a jiki, amma an cusa musu manyan injuna masu silinda takwas. Yawanci an fi yarda cewa Pontiac GTO ta 1964 ita ce ta buɗe fage, sa'an nan su Chevelle SS da Dodge Charger da Plymouth Road Runner suka biyo baya. Zamaninsu bai daɗe ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora, da ƙarancin man da aka yi a 1973, su suka taru suka karya musu lago. Waɗanda suka rage a yau sun zama kayan gado, kamar gida ko gona.

Ni dai karatu ne ya kai ni birnin Sinsinati a jihar Ohayo, na kama ɗaki a gidan wani dattijo. Wannan dattijo da ƙuruciyarsa ya yi aiki a masana'antar General Motors ta Norwood, inda ake harhaɗa Camaro har zuwa 1987 da aka rufe ta. A garejinsa akwai Camaro SS ta 1969, mai inji 350, ƙarfin doki 300. Ko da yake Camaro ta fi waɗancan ƙanƙanta, mai irin wannan inji ana lissafa ta cikin dangin. Da idonsa ya fara rauni sai ya miƙa wa jikansa makulli, wani saurayi mai ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ba a yi wata guda ba yaro ya ce shi fa sai ya sa mata wili mai faɗin inci 10 a baya, da taya mai lamba 295.

Kada mai karatu ya yi saurin cewa rawar kan ƙuruciya ce kawai, yaron yana da hujja. Wilin da motar ta fito da shi inci 14 ne, faɗinsa inci 7, tayar kuwa irin ta da ce mai lamba F70-14, wadda abin da ke taɓa ƙasa a jikinta bai kai inci bakwai ba. Ka duba fa, doki ɗari uku a kan ɗan wannan takalmi! In an taka mai da ƙarfi sai tayar baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana hayaƙi, in kuwa an yi ruwa sai dai addu'a.

To, amma sa wa tsohuwar mota faffaɗan wili ba kamar sauya hula ba ne. Abu na farko shi ne ramukan noti. Dukansu biyar biyar ne, amma da'irar da suke kai ta bambanta: ta Chevrolet inci 4.75 ce, ta Ford da yawancin manyan Dodge da Plymouth inci 4.5. Wannan mai sauƙi ne, dubawa kawai ake yi. Inda gizo ke saƙa shi ne zurfin bayan wili, watau in ka kifa wilin a ƙasa, ka gitta rula a bisa bakinsa, ka auna daga rular zuwa fuskar da ke manne wa ƙafar mota. Wannan awo shi ke faɗin nawa daga cikin faɗin zai shige ciki, nawa zai leƙo waje. In zurfin ya yi yawa taya ta gogi sifirin, in ya yi kaɗan ta gogi leɓen madigadi, leɓen nan kuwa ƙarfe ne mai kaifi, yanka yake yi. Har ila yau, wilin da aka ce inci 8 ne, daga baki zuwa baki wajen inci 9 yake, domin inda taya ke zama a ciki ake aunawa. Mutane da yawa sun sayi wili sun mayar saboda wannan inci ɗaya.

Ran wata Asabar muka ɗaga motar da jak, muka tokare ta a ƙarƙashin aksil don nauyinta ya zauna yadda yake zama a kan hanya, muka cire ƙafafun baya. Ni aka ba aikin riƙe tef da rubutawa, wai tun da ni ne ɗan jami'a. Muka ɗaura noti a bakin zare muka sako shi daga leɓen madigadi, muka auna daga zaren zuwa abin da ya fi kusa a ciki. Hagu ta ba mu inci 11 da rabi, dama ta gaza da wajen rubu'in inci. Dattijo ya ce haka suke, aksil ɗin tsofaffin motocin nan ba safai yake zama daidai tsakiya ba, shi ya sa mai hankali ba ya auna gefe ɗaya ya ce ya gama.

Lissafin kuwa bai yi wa yaron daɗi ba. Lambar farko ta taya faɗinta ne da milimita, saboda haka 295 ta ɗara inci 11 da rabi da kaɗan. Ke nan ko motar na tsaye ba ta shiga, balle tana tafiya, alhali kuwa jikin mota yakan karkata a kwana, taya ma takan lanƙwasa, dole a bar mata aƙalla rabin inci kowane gefe.

Yaro ya ce ai akwai dabara, kuma gaskiya ne akwai. Samarin shekarun 1970 sukan sa shokozoba mai iska su ɗaga bayan mota sama, taya ta leƙo waje, mota ta yi ta tafiya kamar mai ruku'u. Wannan kam wauta ce, ranar da iskar ta zurare madigadi ya sauko ya yanka taya. Dabarar zamani ita ce a yanke rumbun tayar na ciki a walda wani mai zurfi, a matsar da sifirin ciki, a sauya wa shokozoba mazauni, a rage faɗin tankin mai, har kujerar baya ma sai an taɓa ta. Aiki ne mai kyau in gwani ya yi shi, ana sayar da kayansa a shirye. Amma fa yanka ne.

Nan aka yi ta. Dattijo ya nuna mana lambar motar ta cikin gilashin gaba, ya ɗora yatsa a kan harafin N. Ya ce, "Norwood ke nan. Wa ya sani ko hannuna ya taɓa ta tun tana kan layi? Ƙarfe in an yanke ba ya tohuwa." Yaron ya ce, "Kaka, ba ni ka yi ko aro ka ba ni? In kyauta ce, ka sake mini igiyar." Kwana uku ba su ci abinci tare ba, ni kuwa ina tsakiya, kowa ya same ni ya karanta mini nasa.

In ka tambaye ni, na fi karkata ga dattijo, ba don tsufansa ba. Masana'antar da ta yi wannan ƙarfe babu ita, kuma masu sayen irin motocin nan sun fi daraja wadda ba a yanka ba. Sa'an nan ƙarfin doki 300 bai buƙaci taya 295, wannan ta masu injin tsere ce. Sai dai shi ma dattijon ya so ya wuce gona da iri, don da farko cewa ya yi ko noti kada a sauya. Motar da aka kulle a gareji ana shafa mata mai kamar amarya, ba ta amfani kowa ba.

Abin da ya raba gardama shi ne hoton wilin da yaron ya zaɓa. Cragar S/S ne, mai yatsu biyar masu ƙyalli, wanda ya fito tun 1964. Dattijo ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce ai shi ma wannan ya yi ta mafarki a 1969, kuɗin aure ya hana shi. Aka shirya a kan wili inci 15, faɗin 8 a baya da zurfin inci 4.5, taya 255/60R15, watau inci 10. A gaba kuwa faɗin 7 kawai, domin in wilin gaba ya leƙo waje sitiyari yakan yi nauyi, mota ta riƙa bin kwarin hanya, boris ma ya ɗauki wahalar da ba tasa ba.

Sauran aikin na kula ne. Tsofaffin notoci masu tsinin baki ba su yi wa wannan wili, nasa masu dogon wuya ne da wasa, wanda ya haɗa su kuwa yana neman ƙafa ta fice ta riga shi gida. Muka ɗaure su ana tsallake ɗaya, aka ce a sake ɗaurewa bayan mil 50. Dattijo ya ba mu dariya da labarin motocin Chrysler na wancan zamani, waɗanda notocin gefen hagu baibai ake kwance su, sabon bakanike ya yi ta ƙara ɗaurewa har ya karya. Maleji kuma ya fara ƙarya kaɗan, tun da sabuwar taya tsayinta inci 27, tsohuwar wajen 26, in ya nuna 60 to kana wajen 62.

Da za a gwada, muka goga alli a gefen tayoyin baya, ni da wani maƙwabci mai jiki muka cika kujerar baya, yaro ya ja, aka tsallaka layin dogo, aka sha kwana hagu da dama. Da muka dawo muka leƙa da tocila. Hagu lafiya lau, amma a dama allin ya goge wajen tsawon yatsa. Yaro ya yi tsuru tsuru yana duban kakansa. Dattijo bai ce kome ba, ya shiga gida ya fito da tsohon sandan ƙwallon gora na katako da na'urar busar da gashi. Ya ɗumama fentin don kada ya tsage, ya cusa sandan tsakanin taya da madigadi, ya ce mu tura motar a hankali, shi da kansa ya lanƙwashe leɓen ciki.