Aikin Ɗaka Da Aikin Taro

'Yan'uwana mata, a shekarar 2020, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe garuruwa, har da Kano, manyan kamfanonin duniya suka ce wa ma'aikatansu kowa ya zauna gida ya yi aikinsa da kwamfuta. Aka yi ta mamaki, wai sabon abu. Mu matan Gaya da Ajingi kuwa, ai tun kaka da kakanni a ɗaka muke sana'a: ƙuliƙuli, da saƙar faifai, da ɗinkin hula. Yara su ne 'yan aikenmu.

Daɗinsa ba a ɓoye yake ba. Tuwo na kan wuta, goyo na baya, allura na hannu, ba kuɗin mota. Amma ga inda gizo ke saƙa. Wata shekara wani ɗan kasuwa ya raba mana huluna 24, mu shida, zane ɗaya, zare ɗaya, kowacce ta ɗinka a gidanta. Da aka tara, sai ga ta wannan a tsuke, ta waccan sako-sako. Ƙaramarmu kuwa, amarya ce, ta juya zanen tun daga hular farko, ba wadda ta gani har ta gama huɗu. Mutumin ya ƙi biyan ladansu. Yarinya ta yi kuka, don da kuɗin za ta zuba adashi. Da a tabarma ɗaya muke, kafin ta yi nisa wata za ta ce, “Ke, ba haka ba!”

Ashe su ma masu kwamfuta haka suka gani. A 2021 aka fitar da binciken da aka yi kan ma'aikatan Microsoft fiye da 60,000 a Amurka. Da suka koma gida, kowa ya manne wa abokan aikinsa na kusa, hulɗa da sauran sassa ta ragu da wajen kashi 25 cikin 100. Ni dai sabon shiga nake tausayi, wa zai leƙa aikinsa?

Ɗiyata ta ce mu riƙa aika hoto ta WhatsApp. Mun gwada. Hoto yana nuna zane, amma ba ya nuna jan zare, wannan sai an taɓa da yatsa. Shi ya sa yanzu, da yardar masu gida, ran Laraba da hantsi mukan taru a gidan babbarmu, kowacce da hularta ta farko. Sauran a ƙarasa a ɗaka.