Ranar da muka je ramukan Azelik

Mu ɗaliban aji na shida ne, kuma ga labarin tafiyar da muka yi bayan hutun Mauludi.

Abin ya samo asali ne daga darasin tarihi. Malam ya karanta mana inda Ibn Battuta ya ba da labarin zuwansa Takadda a shekarar 1353. Ya ce a bayan gari ake haƙo jan ƙarfe, a kawo shi cikin gidaje, bayi maza da mata su narkar da shi, su mai da shi sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi. Masu kauri, 400 ake ba da su a kan miskalin zinariya guda. Sirara kuwa 600 ko 700. Daga nan fatake su kai su Gobir da Barno. Da Malam ya ce masu bincike da yawa na ganin kufan Azelik, kusa da Tigidda mai gishiri, shi ne Takaddar, sai muka hana shi sakat har ya nemo mana mota.

Gaskiya, mu kogo muka zata. Mun ɗauka cikin duwatsun Abzin za mu kutsa, har wasunmu sun sayo tocila. Da muka wuce Ingal muka yi arewa, sai ga fili fetal, duwatsun ma suna can gabas nesa da mu. Ramukan kuma ba su da zurfi, yawanci rairayi ya cike su. Sani ya ce, "Wai wanga ne muka baro gida tun asuba dominai?"

Dattijon da ya yi mana jagora bai ce da shi komai ba. Ya kai mu wurin wasu fale-falen duwatsu masu ƙananan ramuka kamar turame, ya ce a nan ake daka dutsen kafin a tsince jan ƙarfen da ke cikinsa. Muka durƙusa muka shafa. Santsi gare su, kamar cikin tsohon turmin gida. Shekara nawa aka yi ana daka kafin dutse ya lotsa haka? Sai Hadiza ta tuna mana ƙarshen darasin: da siraran sandunan ake sayen nama da itace, da masu kaurin kuma ake sayen gero da man shanu da alkama da bayi. Ke nan bawa ne ke narka kuɗin da za a sayi wani bawa da su. Muka ɗan yi shiru a wurin.

Tun a mota Malam ya gargaɗe mu kada kowa ya sa hannu a rami, don Ibn Battuta ma ya ambaci kunamun garin, ya ce suna kashe yaron da bai balaga ba. Mun yi dariya a lokacin. Amma Ilyasu, ƙaraminmu, ya hango wani dutse mai kore-kore a bakin rami, ya zura hannu. Ihunsa kawai muka ji. "Malam, ta halbe ni!"

Ba mu taɓa ganin fuskar Malam haka ba. Ya sungume shi ya yi mota da gudu, mu kuma muka bi, takalman wasu suka zube a hanya. Direba bai tsaya ba sai gidan likita a Ingal. Duk tsawon hanyar Ilyasu na zufa yana kuka, mu muna ta karanta abin da muka haddace, wani ma ya rikice yana maimaita aya guda. An yi masa allura, aka riƙe shi har gari ya waye. Alhamdu lillahi, ya tashi lafiya.

Dutsen dai bai sake shi ba, a aljihunsa aka same shi. Yana nan a kan tagar ajinmu, wanda ke son gani ya zo bayan la'asar.