Kafin Mu Rubuta Littafi Na Biyu

'Yan uwa marubuta, makon jiya mun kalli finafinan George Romero biyu, na gawarwakin da ke tashi suna cin mutane. A Night of the Living Dead na 1968, mutane sun maƙale a gidan gona suna rigima da juna. Ben kaɗai ya kai safiya, masu ceto suka harbe shi. A Dawn of the Dead na 1978, gawarwakin na zagaye shagunan katafaren kanti kamar yadda suka saba suna raye. Dodon bai canza ba, amma jigon ya tashi daga rashin yarda zuwa kwaɗayin kaya.

Kunya ta kama mu. Sau nawa muka ja labari zuwa littafi na biyu don kawai na farko ya karɓu? Idan ba sabuwar magana, mu ajiye alƙalami.