Idan Zaure Ya Cika, Mai Kira Ya Rage Buri

Rawar kontira ta yi kaka-gida a ƙananan garuruwan arewa maso gabashin Amurka, kuma zaurukanta galibi ba su da faɗi. Na garin Nelson a jihar New Hampshire, inda ake taka ta duk Litinin da dare, ɗan mitsitsi ne. Masu rawa kan jeru layi biyu-biyu suna fuskantar juna, goge da piyano su zagayo bayan bugu 64, kowane zagaye kuma a matsa a sami sababbin maƙwabta. Aikinmu masu kira shi ne faɗar taku na gaba kafin kiɗa ya iso wurin.

Abin da cunkoso ya koya mini shi ne in ƙare wa zaure kallo kafin in taɓa katunan raye-rayen da na rubuto daga gida. Rawar da ake jeruwa mutum huɗu kafaɗa da kafaɗa a gangara ƙarshen zaure tana da daɗi, amma in an cika, na ƙarshe bango za su tarar tun ba su yi taku uku ba. Haka wadda layuka ke ja da baya: sai ka ji bayan wani ya daki na maƙwabcin layi. Irin waɗannan nakan mayar da su aljihu, in ɗauko masu kama hannu a zagaya nan inda ake tsaye.

Mutane kuma, ko'ina suke, gaba suke so. Kowa ya cusa kansa layin tsakiya kusa da makaɗa, alhali ga fili can ƙasa babu kowa. Don haka kafin in koyar da komai nakan ce, "Jama'a, na ƙarshe ku ja har bango, sauran ku bi su." Minti ɗaya wannan ke ci, ya hana tattake ƙafa dare guda.

Gwanaye sun fi baƙi ba ni wahala. Su ne masu wulwula abokiyar rawa da buɗe gwiwar hannu kamar zauren gadonsu ne. Ba na kiran sunan kowa, sai in ce a matse hannu a rage ado, kuma yawanci sukan ji.

Ina kuma gajarta kowace rawa, domin na zaune a gefe su ma sun biya kuɗin ƙofa. Mai kiran da ya nace sai ya nuna gwaninta a cikakken zaure, kansa yake wa aiki.