Kyanwar Van: Suna Ɗaya, Mage Biyu

Yau kam zan jingine maganar littattafai in ɗauke ku zuwa gabashin ƙasar Turkiyya, saboda wata kyanwa da labarinta ya tsaya mini a rai.

Ni dai mai son mage ce tun ina ƙarama, kuma kun san irin namu na gida: gajeren gashi, dabbare-dabbare, ba mai tambayar uwarsu balle ubansu, in dai za su kama ɓera shi ke nan. Sai wani ƙanena da ya yi karatu a Turkiyya ya turo mini hoton wata mage fara fat kamar auduga, gashinta luf-luf, jela kamar tsintsiyar laushi, ido ɗaya shuɗi ɗaya ruwan zuma. Ya ce, "Yaya, wannan ita ce kyanwar Van, mutanen can ji suke da ita kamar 'yar sarauta." Daga nan na shiga bin diddiginta.

Van birni ne a bakin tafki mafi girma a Turkiyya, a kan tudu mai tsayin sama da mita 1,600. Ruwan tafkin mai kanwa ne da gishiri, hunturun yankin kuwa na dusar ƙanƙara ne. Shi ya sa Allah Ya hore wa magen wurin gashi mai tsawo da kauri lokacin sanyi, in zafi ya shigo ta kakkaɓe shi. An kuma san ta da rashin gudun ruwa, har wasunsu kan yi iyo, abin da magen gidanmu ko da kuɗi ba za ta yi ba. Ba dukansu ne ke da ido kala biyu ba, amma masu shi su ne 'yan lele.

To, ga inda gizo ke saƙar. A 1955 wasu Turawan Ingila mata biyu, Laura Lushington da Sonia Halliday, sun je yawon ɗaukar hotuna a Turkiyya aka ba su kyautar kyanwoyi biyu, farare masu jan gashi a kai da jela. Suka kai su Ingila suka yi ta haɗa iri. A 1969 aka yi wa irin rajista da sunan kyanwar Turkiyya, a 1979 aka mayar da sunan "Turkish Van". Abin mamaki, waɗancan biyun na farko ba daga Van aka samo su ba: macen daga lardin Hatay take can kudu, muzurun kuma daga Istanbul. Yau in ka nemi sunan a intanet, yawanci mai jan kai da jela za ka fara gani, alhali a wurin mutumin Van kyanwarsu fara ce sol.

A gida ma ba ta tsira daga ja-in-ja ba. Turkawa sun ce tasu ce, har ita suka yi wa tambarin gasar ƙwallon kwando ta duniya da suka karɓi baƙunci a 2010. Kurdawa, waɗanda su ne mafi rinjaye a birnin yanzu, sun ce tasu ce. Armeniyawa da suka zauna a Van har zuwa 1915 su ma suna da sunan da suke kiranta a harshensu. Ana cikin wannan sai yawanta ya yi ta raguwa saboda cuɗanya da magen titi, har jami'ar Yüzüncü Yıl da ke birnin ta buɗe cibiya ta musamman a shekarun 1990 domin kiwonta da kare irinta. A hanyar shiga garin ma akwai ƙaton mutum-mutuminta ita da ɗanta.

Wallahi da na karanta labarin Ingila ɗin nan sai na tuna jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta riƙa ƙetare Sahara ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko. Mu aka ɗauke mana kaya aka liƙa sunan wasu, su mutanen Van aka ɗauke musu suna aka liƙa wa kayan wasu. Duk tafiyar ɗaya ce: wanda ya riga rubutawa shi duniya ke saurara, mai abu kuwa sai ya koma yana rantse-rantse a kan nasa.

Hausawa sun ce suna linzami. Ni abin da na ƙaru da shi, in kana da abu mai daraja, ko da mage ce, ka rubuta asalinsa da hannunka tun kafin baƙo ya raɗa masa suna. Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.