Kafin Shugaba Ya Sa Hannu

A farkon watan Satumba na 2021, hukumar kula da sadarwa ta Nijeriya ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. A daidai lokacin aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka dakatar da safarar dabbobi. Hujjar tana da ƙarfi. Da waya 'yan bindiga ke samun labari daga masu kai musu tsegumi, da ita suke cinikin kuɗin fansa, baburansu kuwa ba sa motsi sai da mai.

Sai dai umarnin da aka yanke a Gusau ya sauka a Bunguɗu kan mutanen da ba a sa a lissafi ba: mai POS da sana'arsa ta tsaya cak, manomin da zai sayar da akuya ya sayi magani, gwauruwar da ɗanta ke aiko mata da kuɗi daga Legas, da ƙauyen da aka kai wa hari cikin dare babu hanyar neman agaji.

Hango waɗannan mutane kafin a sa hannu fasaha ce, kuma ana iya koyar da ita. Ɗalibin da ke karatun mulki a Jami'ar Tarayya ta Gusau yana iya haddace dokokin aiki kaf, ya fita bai taɓa gwada ta ba. Malami zai iya ba shi wannan umarni na 2021, ya ce ya rubuta yadda mako guda zai kasance ga mutum uku: kwamandan soja, mai naƙuda a ƙauye, da mahaifin da aka sace 'yarsa. Bayan nan a nemi ya sake tsara umarnin da kansa: wa za a keɓe, kwana nawa zai ɗauka, wace hanya za a bar wa mai neman ceto.

Tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A Usulus Siyasa, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Umarun Dallaje na Katsina, kula da kasuwanni da hanyoyi da masu sana'a yana cikin nauyin da ke wuyan mai mulki. Ɗalibin da ya yi wannan atisaye zai iya goyon bayan katse waya, amma zai san wanda zai biya farashin, ya kuma tanadar masa mafita tun kafin ranar.